Daga Awon Igiya Zuwa Takardar Gwamna: Abin Da Doka Ke Nema Kafin Fili Ya Zama Gida A Masarautar Gumel

Duk wanda ya san Gumel shekara ashirin da suka wuce, in ya dawo yau zai tarar gari ya cinye gonakin da ke gefensa. Ta hanyar Maigatari, ta hanyar Kano, ta hanyar Haɗeja, inda a da ake noma gero da wake da riɗi, yanzu turaka ne a kakkafe, da tulin yashi, da bulo a jere yana shan rana. Malamin Kwalejin Ilimi yana son nasa. Ɗan kasuwar da ya samu a cinikin shanu ranar Alhamis a Maigatari yana son nasa. Saurayin da aka sa wa ranar aure yana son fita daga gidan gado. Mai gona kuma ya yi lissafi, ya ga in ya yanka ta fuloti-fuloti zai sami abin da damina goma ba za ta ba shi ba.

Yadda cinikin ke tafiya ba ɓoyayye ba ne. Dillali ya kai mai saye wurin, a ja igiya, ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo, a kafa turke a kowace kusurwa. A je wurin mai unguwa ko bulama ya sa hannu, shaidu biyu ko uku su dangwala, a cire la'ada, a shafa fatiha, a ce Allah ya sanya alheri. Mai saye ya naɗe takardarsa ya adana, rani na zagayowa ya kira magina a haƙa harsashi. A wurinsa magana ta ƙare.

A wurin doka kuwa, yanzu aka fara. Akwai abubuwa uku da take dubawa kafin ta karɓi wuri a matsayin gidan zaman mutum: daga ina filin ya fito, wace hukuma ce ta ba shi izinin zama a kansa, kuma an yarda a yi ginin zama a wurin ko ba a yarda ba. Yawancin mutanenmu ba sa jin waɗannan tambayoyi sai ranar da suka wayi gari da jan fenti a katanga, ko sammaci daga kotu, ko ranar da banki ya mayar musu da takardarsu ya ce ba ta isa ba. Amsar da za a samu da kuɗin mota da yini guda kafin ciniki, sai a dawo ana nemanta da lauya bayan an kai gini linta.

Ƙasa a hannun wa take?

Tun 29 ga Maris 1978, lokacin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, a matsayin amana ga 'yan Najeriya. Ga mutanen Arewa abin ba baƙo ba ne, don an gina ta ne a kan dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, ita kuma ta samo asali daga shelar Turawa ta 1910. Kundin tsarin mulki na 1999 ya rungume ta a sashe na 315, shi ya sa gyara ta yake da wuya.

Abin da wannan ke nufi shi ne, wanda ya ce ya sayi fili, a idon doka haƙƙin zama ya saya, ba ƙasar kanta ba. Haƙƙin nan kuma ƙofa biyu yake da ita. In filin yana cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, gwamna ne kaɗai ke ba da izini, ta hannun ma'aikatar filaye da ke Dutse. In yana wajen wannan iyaka, ƙaramar hukuma tana da ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya, don noma ko don gida. Mutumin wani ƙauye a Sule Tankarkar ko Gagarawa na iya gama lamarinsa a sakatariya. Wanda ya sayi fili a cikin yankin birni kuwa, takardar ƙaramar hukuma ba ta tsaya masa a matsayin izinin gwamna.

Matsalar ita ce iyakar birni ba ganuwa ba ce da ido ke gani. A takardar gwamnati take, kuma tana iya haɗawa da gonakin da har yanzu ake nomawa. Don haka tambayar farko da ya kamata mai saye ya kai wa jami'in filaye ita ce: wurin nan, na birni ne ko na karkara? Duk abin da zai biyo baya a kan amsarta ya rataya.

To ina matsayin takardar mai unguwa? Ina ganin zalunci ne a raina ta, kamar yadda wasu masu ilimin boko ke yi. Mai unguwa da dagaci da hakimi su ne suka san gonar wane ce, wa ya gada, ina iyakarta da ta maƙwabci, an taɓa jinginar da ita ko ba a taɓa ba. Babu wani kundi a Dutse da ya san wannan. Takardarsu shaida ce mai ƙarfi a kan cewa an yi ciniki, an biya, an miƙa. Amma dokar 1978 ba ta ba sarakunan gargajiya ikon ba da ƙasa ba. Sa hannunsu yana tabbatar da tarihin filin, izinin zama kuma daga gwamna ko ƙaramar hukuma yake fitowa.

Akwai wani sashe da dillalan awon igiya ba sa ambatawa. Sashe na 36 ya yi magana a kan ƙasar karkara da mutane ke riƙe da ita tun kafin 1978, ya bar musu ita su ci gaba da amfani, sannan ya hana a yanka ta fuloti-fuloti ko a miƙa ta ga wani. Ya ce takardar irin wannan ciniki ba ta da ƙarfi, har ya yanka tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara guda. Kowa ya san ana sayar da gonaki kullum, ba a kuma ɗaure kowa. Sai dai ranar da rigima ta tashi, lauyan abokin shari'a zai buɗe wannan shafi. Hanyar tsira ita ce mai gona ya nemi hukuma ta amince da yanka ta, a zana tsarin unguwa da tituna da magudanan ruwa, a sauya manufar filin daga noma zuwa zama, kafin a sayar wa kowa. Wannan ne bambancin awon gwamnati da awon igiya, shi ya sa na farkon ya fi tsada.

Hanyar satifiket

Wanda ke son takardar shaidar mallaka, wadda ake kira satifiket, zai cike takardar nema, ya haɗa da shaidar yadda filin ya zo hannunsa, da shaidar ko shi wane ne, da ta biyan haraji. Safiyo zai auna wurin, ya kafa duwatsun siminti masu lamba, ya fitar da taswira. Masu tsara gari za su duba ko wurin bai faɗa kan titi ko filin makaranta ko maƙabarta ba. In komai ya yi daidai a ba shi takardar tayi mai ɗauke da sharuɗɗa da kuɗin da zai biya, daga baya satifiket ya fito, a shigar da shi rajista. Na gidan zama yawanci shekara 99 ake rubutawa.

Mutane da yawa suna karɓar satifiket su adana ba su karanta bayansa ba, alhali sharuɗɗan suna nan. Akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Akwai wa'adin da aka ba mutum ya yi gini. Akwai manufar da aka ba da filin dominta. Wanda aka ba don zama ya mayar da shi gidan mai ko sito ko gidan burodi ba tare da izini ba, ya saɓa sharaɗi, kuma saɓa sharaɗi yana cikin dalilan da sashe na 28 ya ba gwamna damar soke izini. Haka wanda ya sayi rumbun ajiya ko shago a bakin kasuwar Maigatari yana son ya sa iyalinsa a ciki, sai ya nemi sauyin manufa. Doka kuma ta hana ba wanda bai kai shekara 21 ba izinin gwamna kai tsaye, sai ta hannun waliyyi ko in gado ne ya faɗo masa. Uban da ke son rubuta wa ƙaramin ɗansa fili ya san da wannan.

Wanda ya sayi gida mai satifiket ma bai huta ba. Sashe na 22 ya ce ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a miƙawa sai da amincewar gwamna, sashe na 21 kuma ya nemi ta ƙaramar hukuma a kan ƙasar gargajiya. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida sukutum saboda ba a nemi wannan amincewa ba. A garuruwanmu za ka tarar gida ya wuce hannu huɗu, satifiket yana ɗauke da sunan mutumin farko da ya rasu tuntuni, wani lokaci ma da hatimin tsohuwar Jihar Kano, tun kafin a ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991. Kowane mai saye ya karɓi takardar ya ɗauka ya mallaka. A kundin gwamnati gidan yana nan da sunan mamacin, kuma magadansa na iya tasowa. Gyaran shi ne a rubuta yarjejeniyar miƙa haƙƙi, a nemi amincewa, a biya kuɗin hatimi ga hukumar tara haraji ta jiha, a sauya suna a rajista.

Shi kansa satifiket ba ya wanke filin da asalinsa ba shi da kyau. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda ya karɓi satifiket a kan ƙasar da wani ya riga shi haƙƙi a kanta bai riƙe komai ba. Wannan hukunci kariya ce ga talakan da ke zaune a gidan kakanninsa ba takarda, gargaɗi ne kuma ga mai kuɗin da ke ganin sanayya a ofis za ta ba shi abin da ba nasa ba.

Gidan gado

A nan ne rigima ta fi yawa, kuma a nan ne ta fi ciwo, don tsakanin 'yan uwa take. Dokar 1978 ta bar rabon gado ga dokar da mamaci ke bi, wato Shari'ar Musulunci ga kusan kowa a wannan masarauta, kuma kotunan Shari'a ne ke raba shi bisa mazhabar Malikiyya. Matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu. 'Ya mace tana da rabin rabon namiji. Wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji.

Abin da ke faruwa shi ne, uba ya rasu, a ji nauyin maganar rabo, a ce a bari zuciya ta yi sanyi. Shekaru su shuɗe. Babban wa yana zaune a gidan, ya gyara soro, ya sa kwano, mutanen unguwa suna kiran gidan da sunansa. Wata rana buƙata ta taso masa, ya sayar. Mai saye ya rushe ya yi ginin siminti. Sai ƙanwar da aka aurar Maigatari ko Garki, wadda ba wanda ya tuntuɓa, ta shigar da ƙara, kuma tana da gaskiya. Wan nata rabonsa kaɗai yake da ikon sayarwa. Ko rabon nasa ya sayar kafin a raba, sauran magada suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin su karɓe. Don haka mai sayen gidan gado ya nemi takardar rabo ta kotu, ya ga sunan kowane magaji, mata da marayu musamman, ya tabbatar kowa ya yarda ko an ba shi nasa. Wanda ya ce maka "ai ni ne babba, na isa da kowa", ka ce masa ku je gaban alƙali ya maimaita.

Kyauta ma tana da sharaɗi. Miji ya ce wa matarsa gidan nan naki ne, ko uba ya faɗa wa 'yarsa a gaban mutane, amma bai fita ya miƙa mata ba har ya rasu. A Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba kafin mutuwar mai bayarwa takan koma cikin gado. Mata da yawa sun rasa matsuguni ta wannan hanya, ba don mazajensu sun yaudare su ba, sai don ba wanda ya gaya musu cewa furuci kaɗai bai wadatar ba. Wanda ke nufin alheri ga matarsa ko 'yarsa ya miƙa a zahiri, a rubuta, a yi shaidu, a sauya suna yana raye.

Sai maganar hauzi, wadda mazauna gidajen da ba takarda ke dogara da ita. Wanda ya zauna a wuri shekara 10 yana gini yana rushewa a matsayin mai shi, wanda ke da'awa yana gari yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, to da'awarsa ta faɗi. Tsakanin dangi wa'adin yakan kai shekara 40. Amma aro da haya da jingina da amana ba sa zama mallaka komai daɗewa. Wanda aka ba kango ya zauna don zumunci, jikokinsa ba su gaje shi ba.

Izinin gini

Mallakar fili daban, izinin ɗora gini a kansa daban. Dokar tsara birane ta 1992 ta wajabta neman izini kafin gini, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta ce wannan hurumin jihohi ne. A Jigawa Hukumar Raya Birane ce ke duba zanen gini a yankunan birni. Tana duba tazarar gini da titi, inda za a haƙa masai da nisansa da rijiya, inda ruwan kwata da na indararo zai bi. Aikin da duba-gari ke yi a da ke nan, aka ƙara masa takarda.

Wasu na ganin wannan neman kuɗi ne kawai. Wanda ya ga unguwar awon igiya a watan Agusta ba zai faɗi haka ba. Kowa ya ci lungu da taku biyu, motar ɗaukar mara lafiya ba ta shiga, an cike kududdufin da ruwan unguwa ke taruwa an yi gida a kai, ruwan kuma ya koma cikin ɗakunan mutane. Ƙasar Gumel rairayi ce, amma daminar 2022 ta nuna wa Jigawa duka cewa gidan ƙasa ba sai yana bakin kogin Haɗeja yake faɗuwa ba. Akwai kuma wuraren da ko kyauta aka ba mutum bai kamata ya karɓa ba: ƙarƙashin babban layin wuta, gefen titin tarayya, filin layin dogon Kano zuwa Nguru da ya ratsa ta Gagarawa, burtali, da makiyayar da aka keɓe tun dokar 1965. Arhar irin waɗannan filaye ita ce alamar farko.

Bakin iyaka

Maigatari, da ke bakin iyaka da Nijar, tana da tata tambayar. Tumbi, tsohuwar mazaunin sarautar Gumel, yau tana cikin Jamhuriyar Nijar, kuma gida nawa ne a nan da ba su da dangi a Damagaram? Ɗan kasuwar Nijar da ya shekara talatin yana zuwa cin kasuwa zai so ya mallaki gida. A 2017, a shari'ar wani Bajamushe kan fili a Kajuru ta Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta tsaya a kan cewa amanar ƙasa da ke hannun gwamna ta 'yan Najeriya ce. Abin da ake yi a aikace shi ne a saya da sunan aboki ko suruki. Muddin su biyun suna raye kuma suna shiri, lafiya lau. Ranar da mai sunan ya rasu, gidan ya shiga lissafin gadonsa. Baƙon da ke wannan hali ya nemi shawarar lauya tun kafin ya ba da kuɗi, shi kuma wanda aka saya da sunansa ya ji tsoron Allah ya rubuta gaskiya a gaban shaidu.

Ranar da gwamnati ta zo

Mutanen Gagarawa da Sule Tankarkar sun san wannan rana. A 2016 da 2017 aka yi ta takaddama kan kimanin hekta 12,000 da aka ware wa kamfanin Lee don noman rake, a yankin da ya haɗa har da Garki da Taura, manoma da yawa suka ƙi amincewa da abin da aka yanka musu. Gonaki ne abin ya shafa, amma darasin ya hau kan gidaje. Doka ta ba gwamna ikon karɓar ƙasa don amfanin jama'a, da sharaɗin sanarwa da diyya. Diyyar kuma, bisa sashe na 29, ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, amfanin gona, rijiya. Ƙasar kanta kusan ba a biyan komai a kanta. In gidan zama ne, sashe na 33 ya ba hukuma damar ba mutum wani matsuguni a madadin kuɗi.

Wanda ba shi da satifiket ba ya rasa haƙƙinsa don haka kawai, tunda doka ta ɗauki wanda ke zaune tun kafin 1978 tamkar an ba shi izini. Amma sai ya tabbatar, da shaidun da wataƙila sun tsufa ko sun rasu. Mai takarda da taswira sunansa yana cikin kundi tun kafin masu ƙiyasi su iso. Satifiket ne kuma takardar da Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke nema ga ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashi a asusun gidaje da aka kafa a 1992.

Laifin ba na talaka kaɗai ba ne. Kwamitin gyaran harkar filaye da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya yi ta nanata ƙiyasin cewa ƙasar Najeriya da ke cikin rajista ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba. In kashi 97 cikin 100 na ƙasar yana wajen tsari, tsarin ne ya yi nisa da mutane. Manomin da ya tara kuɗin riɗi ya sayi fuloti a Sule Tankarkar ba zai iya zirga-zirgar Dutse ba, kuma in bai san adadin da zai biya ba tun farko, tsoro zai hana shi farawa. Ana iya liƙa jerin kuɗaɗe da matakai da Hausa, boko da ajami, a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun da ke masarautar. Ana iya turo ma'auna su bi unguwa-unguwa su yi wa kowa rajista a lokaci guda da kuɗi kaɗan. Masarauta kuma, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Ahmad Muhammad Sani, tana da ikon umartar hakimai da dagatai da masu unguwanni su riƙe littafin ciniki mai lamba, su kuma ƙi sa hannu a gonar da aka yanka ba tare da an bar titi da hanyar ruwa ba, ko gidan gadon da ba a kawo takardar rabonsa ba.

Kafin a kai ga haka, mai karatu, in ka ga filin da ya kwanta maka, kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka je sakatariya da mai sayarwa. Ka tambaya na birni ne ko na karkara, an amince a yi gidan zama a wurin ko ba a amince ba, sunan wa ke kansa. Ka zaga ka gaisa da maƙwabtan iyaka huɗu, ka tambaye su tarihin wurin ba a gaban dillali ba. In mai sayarwa ya ƙi binka ofis, ko ya ce akwai wani mai saye da ke jira da kuɗi a hannu, ka bar masa filinsa.